Sir Frank Worrell: Ɗan Barbados Da Ya Rushe Shingen Launin Fata A Wasan Kurket

Sir Frank Mortimer Maglinne Worrell na daga cikin fitattun 'yan wasan kurket da tsibirin Barbados ya haifa, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka damƙa wa cikakken shugabancin tawagar yankin Wes Indis. Shekara 42 kacal ya yi a duniya. A cikinsu ya kafa tarihin da har yanzu yake rubuce a kundin wasan, ya yi karatun jami'a, ya zama sanata, sannan ya haɗa kan 'yan wasan tsibirai masu gaba da juna a daidai lokacin da 'yan siyasar yankin suka kasa haɗa kan ƙasashensu. Wanda zai fahimci girman abin da ya yi, sai ya fara sanin tsibirin da ya fito da irin matsayin da kurket yake da shi a can.

Tsibirin rake da kurket

Barbados ƙaramin tsibiri ne a gabashin tekun Karebiyan. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 430 ba, mutanensa kuwa har yau ba su kai 300,000 ba. Turawan Ingila sun kafa zama a cikinsa a shekarar 1627, suka mai da shi gonar rake, suka cika shi da bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. An soke bauta a 1834, amma ƙasa da dukiya da mulki suka ci gaba da zama a hannun tsirarun Turawa masu gonaki.

Sojojin Ingila da masu gonakin ne suka kawo wasan kurket. A 1865 aka buga wasa na farko tsakanin yankunan mulkin mallaka na Karebiyan a filin Garrison Savannah da ke Bridgetown, babban birnin tsibirin, inda Barbados ta kara da Demerara, wato wani ɓangare na ƙasar Guyana ta yau. A 1928 haɗaɗɗiyar tawagar tsibiran, wadda ake kira Wes Indis, ta buga wasanta na gwaji na farko a filin Lord's na birnin Landan. A watan Janairun 1930 kuma filin Kensington Oval na Bridgetown ya karɓi wasan gwaji na farko da aka yi a yankin.

Tsarin wasan shi ne, ƙungiya biyu ce ke karawa, kowace da mutum 11. Ɗaya tana jifa, ɗaya tana bugu. Mai jifa yana auna wasu sanduna uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗan katako. Masu bugu biyu ne a fili a kowane lokaci, kuma duk sanda suka buga ƙwallo suka yi musayar wuri da gudu, an sami maki ɗaya. Ana fitar da mai bugu idan ƙwallo ta doki sandunansa, ko aka cafe ta a sama, ko aka riga shi isa wurin tsayawarsa. Idan aka fitar da mutum goma, zubin ƙungiyar ya ƙare. Wasan gwaji, wanda shi ne mafi daraja tsakanin ƙasashe, yakan ɗauki kwana biyar, kowace ƙungiya ta yi zubi biyu. Cin maki 100 a zubi ɗaya babban abin alfahari ne ga mai bugu.

A Barbados ta wancan zamani, kulob ɗin da mutum yake bugawa shi ke nuna launinsa da matsayin gidansu. Wanderers, da aka kafa a 1877, na manyan Turawa ne. Pickwick, na 1882, na Turawa masu matsakaicin hali ne. Spartan, na 1893, na baƙaƙe da barbarar yanyawa masu ilimi da abin hannu ne. Da Spartan ya ƙi karɓar wani gwanin jifa mai suna Herman Griffith saboda ana ganin asalinsa bai kai ba, sai wasu suka ɓalle suka kafa kulob ɗin Empire a 1914. Leburorin gonakin rake kuwa ba su sami gasar kansu ba sai a ƙarshen shekarun 1930.

Haihuwa da tasowa

An haifi Frank Worrell ranar 1 ga watan Agustan 1924 a yankin Bank Hall na Bridgetown. Gidansu yana daf da filin kulob ɗin Empire, don haka ya buɗe ido yana kallon manya suna atisaye. Iyayensa sun yi ƙaura zuwa Amurka neman abinci, kamar yadda dubban mutanen tsibirin suka yi, kakarsa ce ta riƙe shi.

Ya yi karatu a makarantar Combermere. A lokacin, manyan makarantun tsibirin suna shiga gasar rukuni na farko tare da kulob-kulob na manya, saboda haka tun yana ɗan shekara 13 ya fara fuskantar ƙarti a fili. Wannan ɗaukaka ta wuri ta jawo masa hassada, har wasu suka riƙa yi masa kallon mai girman kai. Tabon wannan bai gushe daga zuciyarsa ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa daga baya ya bar tsibirin.

A cikin watanni 18 da haihuwarsa, a unguwannin da ba su da nisa da filin Kensington Oval, aka haifi wasu yara biyu: Everton Weekes a watan Fabrairun 1925, da Clyde Walcott a watan Janairun 1926. Su ukun ne duniya ta zo ta sani da laƙabin W Uku, saboda harafin da sunayensu suka fara da shi. Weekes ya shahara da zafin bugu, Walcott da ƙarfin damtse, Worrell kuwa da laushin hannu da natsuwa, har masu kallo kan ce kamar lallaɓa ƙwallo yake yi.

Tarihin da ya kafa wa Barbados

Barbados ta fara ɗaukarsa a 1942, yana ɗan shekara 17, a matsayin mai jifa da hannun hagu, aka sa shi a sahun ƙarshe na masu bugu. Ba a jima ba aka gane cewa baiwarsa ta fi ƙarfi a bugu, wanda yake yi da dama. A 1943 ya ci wa Barbados maki 188 a kan Tirinidad.

A watan Fabrairun 1944, a Bridgetown, shi da John Goddard suka haɗa maki 502 a kan Tirinidad ba tare da an fitar da ɗayansu ba. Worrell, mai shekara 19, shi kaɗai ya ci 308. Bayan shekara biyu, a 1946, a birnin Port of Spain, shi da Walcott suka haɗa maki 574, nan ma ba a fitar da kowa ba: Walcott ya ci 314, Worrell ya ci 255. A lokacin babu wasu mutum biyu da suka taɓa haɗa maki masu yawan haka a tarihin manyan wasannin kurket a duniya. Wasu 'yan Indiya biyu, Vijay Hazare da Gul Mahomed, sun zarce su da maki uku a shekarar da ta biyo, amma Worrell ya zama mutum na farko da ya shiga haɗin gwiwar da ta haura maki 500 har sau biyu.

Duk da wannan suna, ya ga cewa tsarin Barbados ba zai bar baƙin saurayi ya wuce inda aka shata masa ba. A 1947 ya koma Jamaika da zama, kuma ita ya riƙa bugawa daga nan. Mutanen tsibirinsa da dama sun ji zafin wannan ƙaura, aka daɗe ana 'yar tsama tsakaninsu da shi.

Fagen duniya

Wasansa na gwaji na farko shi ne wanda Wes Indis ta yi da Ingila a Port of Spain a watan Fabrairun 1948, inda ya ci maki 97. A wasa na gaba, a Georgetown, ya ci 131 ba a fitar da shi ba. A shekarar ce kuma ya fara bugawa kulob ɗin Radcliffe da ke yankin Lancashire a arewacin Ingila, a matsayin ɗan wasan da ake biya.

Tun a nan halinsa na tsayawa kan haƙƙi ya bayyana. Da hukumar kurket ta Wes Indis ta shirya tafiya Indiya a ƙarshen 1948, ya nemi a biya shi daidai da ƙimarsa. Hukumar ta ƙi, shi ma ya ƙi sassautawa, aka tafi ba da shi ba. Manyan hukumar, waɗanda akasarinsu attajiran Turawa ne da ke ɗaukar kurket abin nishaɗi, sun riƙe shi a zuciya a matsayin mai taurin kai. Shi kuwa yana ganin wanda wasa ne sana'arsa bai kamata a sa shi ya yi roƙon ladansa ba.

Shekarar 1950 ce ta sauya yadda duniya ke kallon kurket na Karebiyan. A watan Yuni, a filin Lord's, Wes Indis ta doke Ingila da ratar maki 326, nasararta ta farko a ƙasar masu mulkinta. Wasu samari biyu masu murɗa ƙwallo, Sonny Ramadhin na Tirinidad da Alf Valentine na Jamaika, su suka rikita Turawan. 'Yan Karebiyan da suka soma kwarara Landan neman aiki bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka shiga fili da kiɗa da rawa. A wasa na gaba, a filin Trent Bridge na Nottingham, Worrell ya ci maki 261, mafi yawa da ya taɓa ci a wasan gwaji, inda shi da Weekes suka haɗa 283. Ya ƙara da 138 a filin Oval. Wes Indis ta lashe jerin wasannin da ci 3 da 1, shi kuma ya tashi da maki 539.

A Ostireliya a kakar 1951 zuwa 1952 ya nuna cewa bai manta da jifa ba, domin a Adelaide ya fitar da mutum shida a kan maki 38, sannan ya ci 108 a Melbourne da ciwo a hannunsa. A 1953 ya ci 237 a kan Indiya a Kingston. A 1957, a Trent Bridge, ya buɗe zubi ya tsaya har aka fitar da sauran abokansa goma, yana da maki 191. A farkon 1960, a mahaifarsa Bridgetown, shi da matashin ɗan Barbados Garfield Sobers suka haɗa maki 399 a kan Ingila, Worrell yana da 197 ba a fitar da shi ba.

Rigimar shugabanci

Tun daga 1928, al'adar hukumar ita ce kyaftin ya zama Bature ko mai hasken fata daga gidan masu hali, ko da kuwa akwai waɗanda suka fi shi iya wasa nesa ba kusa ba. Learie Constantine na Tirinidad, gwanin da ya yi suna a Ingila, bai taɓa samun naɗin ba. George Headley na Jamaika, wanda ya ɗauki nauyin bugun tawagar shekara da shekaru, wasa ɗaya tak aka ba shi ya jagoranta, a Bridgetown a 1948. Hujjar da ake kafawa a ɓoye ita ce, baƙar fata ya iya gudu da bugu, amma bai iya riƙe jama'a ba, kuma 'yan wani tsibiri ba za su bi baƙin wani tsibiri ba. Irin wannan hujja ce masu mulkin mallaka suke kafawa a kan batun 'yancin kai.

An naɗa Worrell mataimakin kyaftin lokacin da Ingila ta kawo ziyara a kakar 1953 zuwa 1954. Da Ostireliya ta zo a 1955, sai aka tsallake shi aka ba Denis Atkinson, Baturen Barbados da bai kai shi ƙwarewa ba. A 1957 aka sake dawo da John Goddard. Worrell bai tsaya cacar baki ba. Ya shiga Jami'ar Manchester, ya karanta fannin tattalin arziki da gudanar da mulki, ya kammala a 1959. A cikin waɗannan shekaru hukumar ta yi masa tayin shugabanci, amma ya zaɓi ya ƙarasa karatunsa, sai aka naɗa Gerry Alexander, ɗan Jamaika mai hasken fata da ya yi karatu a Cambridge.

Bayan ya gama karatu ya dawo, aka bar Alexander a kan kujera. A nan ne marubucin nan na Tirinidad, C.L.R. James, wanda yake editan jaridar The Nation ta jam'iyyar Eric Williams, ya buɗe gangami a farkon 1960, yana rubutu mako bayan mako cewa babu wani dalili na wasa da zai hana a ba Worrell tawagar da za ta je Ostireliya. Zukatan jama'a sun riga sun yi zafi, domin a watan Janairun shekarar 'yan kallo sun yi ruwan kwalabe a filin Port of Spain har aka tsayar da wasa. Daga ƙarshe hukumar ta sauko. Aka naɗa Worrell a lokacin da ƙarfin ƙuruciya ya fara ja baya. Alexander ya karɓi mataimaki da zuciya ɗaya, ya kuma yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba a wannan tafiya.

Ostireliya, 1960 zuwa 1961

Tawagar da Worrell ya gada cike take da gwanaye, amma kowa da ƙungiyar tsibirinsa: 'yan Barbados gefe guda, 'yan Jamaika gefe guda, haka 'yan Tirinidad da 'yan Guyana. Ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya wargaza waɗannan rukunoni, ya riƙa cuɗa 'yan tsibirai daban-daban a masauki da wurin cin abinci. Ya kafa doka cewa duk wanda alƙali ya ce ya fita, ya fice ba tare da nuna ɓacin rai ba. Ba ya tsawa a gaban jama'a. Wanda ya yi kuskure sai ya ja shi gefe. Natsuwarsa ta kai har yakan yi barci a ɗakin 'yan wasa yana jiran lokacin bugunsa.

A lokacin wasan gwaji ya fara gundurar jama'a, saboda ƙungiyoyi sun koma wasan tsoron faɗuwa. Worrell da kyaftin ɗin Ostireliya, Richie Benaud, suka ɗaura aniyar yin wasan kai hari, da goyon bayan Sir Donald Bradman, shugaban hukumar kurket ta ƙasar.

Wasa na farko a Brisbane, daga 9 zuwa 14 ga Disamban 1960, ya shiga tarihi. Wes Indis ta ci 453 a zubin farko, Sobers yana da 132. Ostireliya ta mayar da 505. Wes Indis ta ƙara 284. Worrell ya ci 65 a kowane zubi. Ostireliya na bukatar 233 a rana ta ƙarshe. An fitar da mutum shida tana da 92, sai Benaud da Alan Davidson suka haɗa 134 suka juya wasan. Da aka zo jerin jifa takwas na ƙarshe, saura maki shida, saura mutum uku a fitar. Worrell ya miƙa ƙwallo ga Wes Hall, ɗan Barbados mai jifa kamar harsashi. Aka cafe Benaud. Hall ya saki wata ƙwallo da ta tashi sama, wadda da an bar wa wani da ya cafe, amma Worrell ya kwantar masa da hankali. Conrad Hunte ya wurgo ƙwallo daga bakin fili aka fitar da Wally Grout a daidai lokacin da maki suka zo ɗaya. A jifa na bakwai, masu bugu na ƙarshe suka ruga neman makin nasara, sai Joe Solomon na Guyana, wanda sanda ɗaya kawai yake iya hange daga inda yake, ya jefa ya same ta. Ostireliya ta ƙare a 232. Jimillar kowace ƙungiya 737.

Tun da aka fara wasan gwaji a 1877 ba a taɓa yin irin wannan kunnen doki ba, inda aka fitar da kowa kuma maki suka zo daidai. Sau ɗaya kawai aka sake yi, tsakanin Indiya da Ostireliya a Madras a 1986.

Ostireliya ta ci wasa na biyu a Melbourne, Wes Indis ta rama a Sydney da ratar maki 222. A Adelaide masu bugu biyu na ƙarshe na Ostireliya suka toge har lokaci ya ƙare, aka tashi babu mai nasara. A wasa na biyar, a Melbourne, mutum 90,800 suka shiga kallo a rana ɗaya, adadin da ba a taɓa gani ba a kurket kafin nan, kuma Ostireliya ta tsira da ƙyar ta lashe jerin da ci 2 da 1. Amma waɗanda aka kayar aka yi wa biki. Dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Melbourne suna ban kwana da su a buɗaɗɗun motoci, a ƙasar da a lokacin dokarta ta shige da fice ta toshe ƙofa ga waɗanda ba farare ba. Hukumar kurket ta Ostireliya ta sa aka ƙera kofi da sunan Frank Worrell, wanda ƙasashen biyu suke takara a kansa har yau.

Jinin da ya bayar

A 1962 Indiya ta ziyarci Karebiyan, tawagar Worrell ta cinye duka wasanni biyar. Sai dai abin da Indiyawa suka fi tunawa ya faru ne a wasan da suka yi da Barbados a Bridgetown cikin watan Maris. Ƙwallon da Charlie Griffith ya jefa ta sami kyaftin ɗin Indiya, Nari Contractor, a kai, ta fasa masa ƙoƙon kai, a zamanin da ba a sa hular kwano. Aka yi masa tiyatar gaggawa, aka bukaci jini. Worrell, wanda ba ya cikin masu buga wasan, yana sahun farko na waɗanda suka bayar, tare da wasu 'yan wasan Indiya. Contractor ya rayu, ko da yake bai sake buga wasan gwaji ba. Tun daga 1981 hukumar kurket ta jihar Bengal take shirya gangamin ba da jini a birnin Kolkata kowace ranar 3 ga Fabrairu da sunan Frank Worrell.

Ingila, 1963, da ajiye wasa

A wannan tsakani, Tarayyar Wes Indis da aka kafa a 1958 don haɗa tsibiran a ƙasa ɗaya ta wargaje. Jamaika ta kaɗa ƙuri'ar ficewa a 1961, aka rushe tarayyar a 1962, kowane tsibiri ya kama gabansa. Cikin manyan abubuwan da suka saura na haɗin kai akwai jami'ar yankin da tawagar kurket, kuma Worrell yana da hannu dumu-dumu a dukansu biyu.

A 1963 ya kai tawagarsa Ingila, ta yi nasara a Old Trafford da Headingley da Oval, ta faɗi a Edgbaston. Wasan Lord's ya tashi babu mai nasara a jifa na ƙarshe, Ingila na neman maki shida, saura mutum ɗaya a fitar, har Colin Cowdrey ya fito fili da karyayyen hannu a ɗaure. Bayan wannan nasara ta 3 da 1, Worrell ya ajiye wasa yana da shekara 39.

Ya buga wasan gwaji 51, ya ci maki 3,860, wato kimanin 49 a duk fitarwa, ya haura 100 sau tara, ya kuma fitar da mutum 69 da jifa. A wasanni 15 da ya shugabanta, ya ci tara, ya faɗi uku, biyu suka tashi babu mai nasara, ɗaya kunnen doki.

Sanata da malamin tarbiyya

Firaministan Jamaika, Alexander Bustamante, ya naɗa shi sanata a 1962, ya zauna a majalisar har 1964, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi lambar girma ta Sir. Ya yi aikin kula da ɗalibai a Jami'ar Wes Indis, da farko a harabar Mona ta Jamaika, daga baya a St Augustine ta Tirinidad. A 1965 shi ne manajan tawagar da Sobers, magajin da ya goya wa baya, ya jagoranta ta doke Ostireliya a jerin wasanni a karon farko.

Har ƙarshen rayuwarsa bai daina adawa da son kai na tsibiri ba, ko da na mahaifarsa ne. Da Barbados ta sami 'yancin kai ranar 30 ga Nuwamban 1966, ta shirya karawa da zaɓaɓɓun 'yan wasan sauran duniya don nuna ƙarfinta. Worrell ya soki shirin a fili, yana ganin alfahari ne da zai raunana haɗin kan yankin. Wannan ya sake ɓata masa da wasu 'yan tsibirin.

A ƙarshen 1966 ya tafi Indiya yana gabatar da laccoci a jami'o'i. A can rashin lafiya ta kama shi, aka gano sankarar jini ce. Ya koma Jamaika, ya rasu a Kingston ranar 13 ga Maris, 1967. Aka kai gawarsa Barbados, dubban mutane suka yi masa rakiya, aka binne shi a tudun Cave Hill, harabar jami'ar da ke kallon teku. An yi masa addu'ar tunawa a majami'ar Westminster Abbey ta Landan, karo na farko da aka yi wa ɗan wasa haka.

Abin da ya bari

Bayansa, ba a sake ɗaukar launin fata a matsayin sharaɗin shugabancin tawagar Wes Indis ba. Sobers, wanda maki 365 da ya ci a kan Pakistan a 1958 suka tsaya a matsayin tarihin duniya na shekara 36, ya gaje shi. Clive Lloyd na Guyana ya ɗora a kan tubalin, ya ɗauki Kofin Duniya a 1975 da 1979. Barbados ta ci gaba da fitar da gwanaye fiye da girmanta, irin su Gordon Greenidge da Desmond Haynes da Joel Garner da Malcolm Marshall, kuma filin Kensington Oval ya karɓi wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 2007.

Tsibirin da ya taɓa yi masa kallon mai girman kai ya sa hotonsa a takardar kuɗi ta dala biyar. Walcott ya rasu a 2006, Weekes a 2020, aka binne su kusa da shi a Cave Hill, a gefen filin kurket na jami'ar da aka raɗa wa sunan su ukun.